Ganuwar Kano a Idon Babbar Kyamara: Kimiyyar Ɗaukar Hoto da Faffaɗan Fim

A watan Fabrairu na shekarar 1851, matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya hau kan Dutsen Dala ya zana birnin Kano da hannunsa. A lokacin shekara 12 kacal ke nan da bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto, kuma kayan aikinta sun yi wa matafiyin hamada nauyi. Bayan shekara 80, matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki hotunan birnin daga sama a tafiyarsa ta Tafkin Chadi a ƙarshen 1930 da farkon 1931, kuma suna ajiye a ɗakin karatu na jami'ar ETH da ke Zurich. Duk mai son sanin kamannin Kano ta dā, ga irin waɗannan shaidu yake komawa.

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya aza harsashin ganuwar, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Muhammadu Nazaki (1618–1623). Rahoton Turawan da suka ci birnin a 1903 ya ƙiyasta kewayenta mil 11, da ƙofofi 13, da tsayin ƙafa 30 zuwa 50. A 2007 an sanya ta, tare da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki, a jerin wuraren da Nijeriya ke neman Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Amma ruwan sama da haƙar ƙasa da gine-gine sun cinye mafi yawanta, wasu ƙofofin kuma an rushe su an sāke gina su da siminti domin faɗaɗa hanya. Abin da ya saura yana buƙatar shaida mai ƙarko, wadda za a iya aunawa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda babbar kyamara mai faffaɗan fim ke samar da irin wannan shaida, tun daga ɗauka, zuwa wanki, har zuwa tantance hoton.

Mece Ce Babbar Kyamara?

Dattawa ba su manta da masu hoton fasfo na dā ba, waɗanda ke kafa akwatin katako bisa ƙafa uku, su lulluɓe kansu da baƙin ƙyalle. Babbar kyamara 'yar'uwar wannan akwati ce. Sassanta uku ne: allon gaba mai ɗauke da ido, wato gilashin da ke tattara haske, allon baya mai ɗauke da gurzajjen gilashi inda sura ke bayyana, sai jakar da ta haɗa su, mai naɗewa kamar zuga-zugin maƙera, wadda ke hana hasken waje shiga.

Surar da ke sauka a kan gurzajjen gilashi a kife take, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Dalili kuwa shi ne haske a miƙe yake tafiya: wanda ya taso daga kan Dala ya ratsa ta ƙaramar kafa zai sauka a ƙasan allo, na gindin dutsen kuma ya sauka a sama. Masanin nan Ibn al-Haisam, wanda ya rasu wajen 1040 a Alƙahira, ya yi bayanin wannan ɗabi'a ta haske a littafinsa Kitab al-Manazir, shekaru aru-aru kafin a ƙera kyamara.

Abin da ya bambanta ta da saura shi ne girman fim. Ƙaramar kyamarar biki tana amfani da naɗaɗɗen fim mai hoto 24 ko 36, kowane hoto milimita 24 a 36. Babbar kyamara kuwa falle-falle take ci, mai inci 4 a 5, ko 5 a 7, ko 8 a 10. Fallen 4 a 5 ya ninka ƙaramin fim fiye da sau 13 a faɗin fili, na 8 a 10 kuma ya ninka na 4 a 5 sau huɗu. Idan ana son hoto mai inci 16 a 20, fallen 4 a 5 sau huɗu kawai za a faɗaɗa shi, alhali ƙaramin fim sai an ja shi wajen sau 16, har ƙwayoyinsa su fito kamar tsakuwa. Saboda haka tsagar da ruwa ya yi a jikin ganuwa, da jerin tubali, da sawun hannun magina a yaɓe, duk suna fitowa rangaɗau a babban fim.

Motsin Allo da Amfaninsa

Fa'ida ta biyu ita ce allunan biyu suna motsi, kowanne da kansa. Wanda ya tsaya gaban Babban Masallacin Kano ya ɗaga ƙaramar kyamara ko waya sama domin hasumiyoyin su shiga, zai ga sun karkata sun nufi juna kamar ginin zai faɗi baya. Hakan na faruwa ne saboda fuskar fim ta daina daidaita da fuskar gini. Mai babbar kyamara sai ya bar allon baya a tsaye cak, yana duba ma'aunin ruwa irin na birkila, sa'an nan ya zame allon gaba zuwa sama. Hasumiya ta shiga hoto, layukanta kuma suna nan a miƙe. Hoton da aka ɗauka haka, in an jingina sandar awo a jikin bango, ana iya lissafa tsayin ginin daga cikinsa ko bayan ginin ya gushe.

Motsi na biyu shi ne sunkuyar da ido. A ce mai hoto yana kan Dala, yana son duwatsun da ke gaban ƙafarsa da rufin gidajen unguwanni har zuwa Goron Dutse duk su fito tar. Ƙa'idar da ke taimakonsa tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya da ya yi rajistar bayaninta a 1904. Ƙa'idar ta ce: idan shimfiɗar fim, da shimfiɗar ido, da shimfiɗar abin da ake ɗauka suka haɗu a kan layi guda, to duk abin da ke kwance a wannan shimfiɗa zai fito sarai, na kusa da na nesa. A aikace, 'yar sunkuyawa ta digiri kaɗan ta isa. Ana tabbatarwa ta hanyar ɗora madubin ƙara girma a kan gurzajjen gilashi, a duba ƙasa, a duba sama, a gyara, a sāke dubawa.

Rana, Hazo da Jar Ƙasa

Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana. Irin wannan haske yana kashe hoton ƙasa, domin inuwa takan ɓuya a gindin abu, tudu da kwari su zama ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, sa'ad da haske ke shafar bango a karkace, kowane ƙullutu ya jefa 'yar inuwarsa. A watan Disamba kuwa rana takan ratsa ta kudu, tsayinta da azahar bai wuce digiri 55 ba, don haka fuskar ganuwa mai kallon arewa takan wuni a inuwa. Mai hoto nagari yakan zagaya wurin da kamfas tun kafin ranar aiki.

Hunturu yana zuwa da nasa sha'anin. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, mafi yawa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana dusashe nesa. A ƙasashen da hazonsu shuɗi ne, ana maƙala rawaya ko jan mataci a gaban ido, ya tare shuɗin hasken da ƙananan ƙwayoyin iska ke warwatsawa, nesa ta washe. Amma ƙwayoyin ƙurar hunturu manya ne, kusan kowane launi suke warwatsawa daidai wa daida, shi ya sa hazon ke zama fari-fari, mataci kuma ba ya yi masa wani kataɓus. Wanda ke son a ga ƙarshen birni daga Dala, gara ya jira safiyar da ta biyo bayan ruwan sama, lokacin da damina ta wanke sararin samaniya.

Duk da haka mataci yana da aiki a Kano. A fim ɗin baƙi da fari, mataci yana haskaka launinsa, ya duhunta kishiyarsa. Jan mataci zai sa jar ƙasar ganuwa ta yi haske, shuɗin sama ya yi duhu, bango ya fita daga cikin sama ƙarara. Ladansa shi ne yana rage haske: rawaya yana buƙatar a ninka hasken sau 2, ja kuwa sau 8.

Awon Haske

Abu biyu ke ƙayyade hasken da ke isa fim: faɗin ƙofar ido, da tsawon lokacin da ƙyaurenta ke buɗe. Ana rubuta faɗin ƙofa da lambobi kamar f/11, f/16, f/22, f/32, kuma kowane mataki rabin hasken na bayansa yake bari ya wuce. Tsuke ƙofa yana ƙara zurfin abin da ke fitowa sarai. Saboda wannan ne wasu masu hoto na Kalifoniya, ciki har da Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham, suka sa wa ƙungiyarsu ta 1932 suna f/64.

Ga misali. Fim mai saurin 125, a tsakiyar rana tarwai, yana buƙatar kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa a f/16. In an tsuke zuwa f/32, lokaci ya koma 1 cikin 30. In an ƙara jan mataci, ya koma rubu'in daƙiƙa. A rubu'in daƙiƙa, mai keken da ya gifta ta Ƙofar Nassarawa zai zama kamar hayaƙi, iska kuma in ta bugi zuga-zugi, duk hoton ya girgiza. Dole a kafa ƙafafun da kyau, a tsaya ta inda iska ke busowa a kāre kyamara da jiki ko da lema.

Wajen 1940 Adams da Fred Archer suka tsara hanyar raba haske zuwa matakai 11, daga 0, wato baƙi wuluk, zuwa 10, wato fari fat, da mataki na 5 a matsayin ruwan toka na tsakiya. Ma'aunin haske kowane abu aka nuna masa, yana ɗaukarsa a matsayin mataki na 5 ne. Don haka mai hoto zai auna inuwar cikin zauren ƙofa, inda yake son a ga ƙyauren da azarar rufi, sa'an nan ya rage mataki biyu daga abin da ma'auni ya faɗa, domin inuwar ta zauna a mataki na 3. Sai ya auna bangon da rana ke duka. In ya fi inuwar da mataki biyar, ya faɗa a na 8, komai lafiya. In ya fi ta da bakwai, ya faɗa a na 10, zai fito fari babu komai a ciki, sai an rage lokacin wanki. A nan ne wata fa'idar falle ke fitowa: tun da kowane hoto fallensa daban, kowanne ana iya yi masa wankin da ya dace da shi, muddin an rubuta awon a littafi tun a fili.

Tsarin ɗaukar kansa ba ya son gaggawa. Za a saita sura, a rufe ƙyaure, a tsuke ƙofa, a zura gidan fim mai falle biyu, a zare marufi, a danna, a mayar da marufi ta ɗaya fuskar don alamar an yi amfani da fallen. Wanda ya zare marufi ƙyaure na buɗe ya yi asarar falle. Sauri ya haifi nawa. Haka kuma ladabi ya wajaba: a nemi izinin mai unguwa da hukumar kula da kayan tarihi, kada kuma a fuskantar da kyamara cikin gidajen jama'a daga kan tudu.

A Ɗakin Duhu

Fim leda ce da aka shafa wa jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, wanda aka barbaɗa wa ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan haske ya bugi ƙwaya, 'yan ƙwayoyin zarra kaɗan na azurfa zalla sukan taru a jikinta. Ido ba ya ganinsu, amma hoton yana nan a ɓoye. Fim ɗin zamani yana jin kowane launi, don haka ana loda shi ana kuma wanke shi cikin duhu ƙirin. Masana'anta kan yi 'yan tsaga a gefe guda: in aka riƙe falle a tsaye, tsagar tana sama ta hannun dama, to fuskar mai magani ce ke kallon mai riƙon.

Wanki mataki huɗu ne. Na farko ruwan fito da hoto, mai ɗauke da sinadarai irin su metol da haidirokwinon, kamar haɗin D-76 da kamfanin Kodak ya fitar a 1927. Shi ke mayar da duk ƙwayar da haske ya taɓa baƙar azurfa, galibi cikin minti 6 zuwa 12. Na biyu ruwan tsami mai rauni, dangin ruwan khal, wanda ke tsayar da aikin na farko nan take. Na uku ruwan haipo, mai narkar da gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, ƙarfin da John Herschel ya gano tun 1819. Na huɗu ɗauraya da ruwa mai tsabta, ana canza shi sau da yawa, domin haipon da ya maƙale shi ke sa hoto ya yi rawaya ya kuma dusashe bayan shekaru. Abin da ya fito shi ne negetif, inda haske ya zama duhu, duhu ya zama haske.

Matsalar Kano ita ce zafi. Lokutan da aka rubuta a jikin kwalin magani na digiri 20 ne a ma'aunin Salshiyas, alhali a watan Afrilu zafin rana kan kai 40, ruwan tanki kuma ya yi ɗumi. Kowane digiri guda na ƙari yana rage lokacin wanki da kusan kashi ɗaya cikin goma, in kuma lokaci ya gaza minti 5, wanki ba ya daidaita, sai a ga dabbare-dabbare a sararin sama. Bugu da ƙari, ruwan ɗumi yana sa jelatin ya yi laushi, in kuma aka tsoma shi daga ɗumi zuwa sanyi farat ɗaya, sai ya yamutse. Magani shi ne a yi wanki da asuba, a jera kwanukan magani cikin babban faranti mai ruwa da ƙanƙara, da ma'aunin zafi a ciki, dukkan ruwayen su zama zafi ɗaya. Ruwan randa ma yana taimakawa, domin tsattsafar da ke bushewa a jikin randa tana janye zafi, musamman a lokacin rani da iska ke bushe.

Abokiyar gaba ta biyu ƙura ce. Busasshiyar iskar hunturu tana tara lantarkin gugar jiki a leda, ita kuma ta jawo ƙura. Ƙurar da ta zauna a fim kafin ɗauka tana tare haske, ta bar farin ɗigo a negetif, wanda ke komawa baƙin ɗigo a takarda, mai wuyar gyara. Saboda haka ana share gidan fim da burushi mai laushi, a ajiye shi cikin leda mai rufi, a kuma yayyafa ruwa a daɓen ɗaki kafin a shanya negetif.

Tantance Hoto

In negetif ya bushe, sai a ɗora shi kai tsaye a kan takardar hoto a haska, ko a faɗaɗa shi da na'ura, ko a shigar da shi kwamfuta. Daga nan sai tantancewa, wadda ɗalibai za su iya yi a ƙungiyance, da tambayoyi huɗu.

Ta farko, ina ya fito sarai, ina ya dusashe? Dusashewar ko'ina alamar girgiza ce; ta saman bishiya ko hasumiya kaɗai alamar an zarce wajen sunkuyar da ido. Ta biyu, akwai abin gani a cikin inuwa? In wurin ya zama fayau a negetif, haske ne ya gaza, kuma babu dabarar da za ta dawo da abin da fim bai kama ba. In kuwa wuraren haske sun toshe baƙi ƙirin, wanki ne ya yi yawa. Ta uku, ina ido ke fara sauka, kuma me ke gefuna? Turken lantarki ko tarin shara a kusurwa suna iya janye hankali daga ganuwa.

Ta huɗu ta fi nauyi: me hoton yake shaidawa? Adams ya ɗauki shahararren hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941 da fim mai inci 8 a 10, kuma cikin shekarun da suka biyo baya ya riƙa ƙara wa samansa duhu a ɗakin wanki. Wannan halas ne a hoton ƙawa. Amma hoton da aka ɗauka domin tarihi, in aka kauce wa gidan da ya ci rabin ganuwa ko ramin da aka haƙa a gindinta, to an yi ado an bar gaskiya. Ya kamata a ɗauki biyun, a kuma rubuta a jikin ambulan rana da sa'a, da wurin tsayawa, da alƙiblar da aka fuskanta, da idon da aka yi amfani da shi, domin wani ya iya tsayawa a wurin bayan shekara 20 ya sāke ɗauka a gwada.

Kammalawa

Hukumar adana bayanan tsofaffin gine-gine ta Amurka, wadda aka kafa a 1933, ta shafe shekaru da dama tana sharɗanta faffaɗan fim na baƙi da fari, wanda aka wanke da nufin ya kai shekara 500. Dalili shi ne azurfa a kan leda mai ƙarko ba ta buƙatar lantarki ko wata na'ura kafin a karanta ta. Ɗaga ta sama a duba ya isa. Sharaɗi dai a kiyaye ta daga laimar damina mai haifar da fumfuna, da zafi, da gara. Kamfanoni irin su Ilford da Kodak suna ci gaba da yin wannan fim, sai dai yana da tsada, kuma daga waje ake odarsa.

Makarantar da ba ta da halin sayen babbar kyamara tana iya farawa da kwali, da ƙaramar hudar allura, da farar takarda mai shara-shara a bayansa. Ɗalibai za su ga Dala a kife da idanunsu, su koyi awon rana da inuwa, su ziyarci Gidan Makama su kwatanta tsofaffin hotunan ƙofofin birni da abin da ke tsaye a yau. Ko da waya aka ɗauki hoton, riƙe ta a tsaye daidai, da sanya sandar awo, da rubuta rana da wuri, su ne ke mayar da shi shaida. Kowace damina tana tafiya da wani yanki na ginin da aka soma tun zamanin Gijimasu, kuma sashen da ba a ɗauka bana ba, mai yiwuwa baɗi a tarar da shago a gurbinsa.